Ina yara za su yi wasa a Ingila?

'Yar'uwa daga Mabera, kin ce maigida ya samu gurbin digiri na uku a Birmingham, za ku taho da yara uku, kuma an gaya miki ɗakunan haya a nan ƙanana ne, babu tsakar gida. Gaskiya aka gaya miki. Abin da ke cike wannan gurbi shi ne ƙaramin filin shaƙatawa na unguwa, wanda kansil, wato ƙaramar hukuma, ke kula da shi, kuma shiga kyauta ne. Kafin ku biya kuɗin haya, ku duba a taswirar waya ko akwai irinsa da za a kai a ƙafa cikin minti goma. Wanda sai an hau bas, da wuya ki riƙa zuwa.

A ciki za ki ga wani ɓangare da aka kewaye da gajeren shingen ƙarfe, da lilo da wurin zamiya, an shimfiɗa roba a ƙasa saboda faɗuwa. Nan ne na yara, kuma galibi ba a shiga da kare. Sauran filin kuwa karnuka na yawo, wasu ma babu igiya. Ki koya wa yara tun daga Sakkwato cewa idan kare ya nufo su su tsaya cik, don gudu ne ke sa ya bi su. Yawancin ƙananan filayen nan ba su da bayi, sai a gama komai a gida.

Inda mutanenmu suka fi shiga matsala shi ne sakin yara. Ba a tura ɗan shekara takwas ya kai ƙannensa lilo uwa na gida tana tuƙa tuwo. Wani zai iya kiran 'yan sanda, daga nan ma'aikatan jin daɗin yara su ƙwanƙwasa ƙofa. Kada ki tsawata wa ɗan wani, uwarsa za ki yi wa magana. Kada ki ɗauki hoton yaran mutane. Ƙuli-ƙuli da gyaɗa kuma ki bar wa naki, domin akwai yaran da ƙwaya ɗaya ke iya toshe wa numfashi. Lambar gaggawa 999 ce.

Sai yanayi. A Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4, ga makaranta sai bayan 3 ake tashi, don haka fita sai Asabar da Lahadi da hantsi. A Yuni kuwa har ƙarfe 9 na dare da haske. Ki saya musu rigar ruwa mai haɗe da wando da takalmin roba, ki riƙe tsumman goge lilo. Wanda ya ce sai ruwa ya ɗauke zai fita, a ɗaki zai ƙare shekara.

Hasken ranar nan ba ya isar fatarmu, kuma hukumar lafiya ta NHS na ba da shawarar a ba dukkan yara 'yan shekara 1 zuwa 4 bitamin D, maikirogiram 10 kullum. Ana samun na ɗigawa a kowane kantin magani.