Tambaya da Amsa: Labarin Ɗan Sandan Ciki a Gusau

Tambaya: Salam Malam, ni ɗalibi ne a Gusau, ina rubuta labarin wani ɗan sandan ciki da ke farautar gungun 'yan daba, amma abokaina sun ce wai irin wannan labarin na Turawa ne, ba zai zauna a Hausa ba. Don Allah ya zan yi?

Amsa: Wa'alaikumussalam ɗana. Gaskiya a Amurka salon ya taso, lokacin da aka haramta giya daga 1920 zuwa 1933, sai gungu-gungun masu fasa-ƙwauri suka yi ƙarfi a birane irin su Chikago, har Al Capone ma, babban shugaban ɗaya daga cikin gungun nan, kan kuɗin haraji aka ɗaure shi a 1931 ba kan kisa ba. Marubutan can sun zana jami'in da ya gaji, bai cika magana ba, ya san wasu manyan gari na cin abinci da ɓarayi amma ya ƙi sayar da kansa. To wannan ai ba baƙo ba ne a wurinmu.

Kawai kar ka sa masa doguwar kwat da hular Bature. Sa shi kan benci a teburin mai shayi a Tudun Wada da asuba, yana jiƙa burodi yana sauraron 'yan acaɓa, wayarsa mai fashasshen gilashi na ta ringin bai ɗaga ba saboda ya san oga ne zai ce a saki yaron da ya kamo jiya. Jimlolinka su zama gajeru. Kuma don Allah kar ka ƙawata ɓarayin, mutanen Zamfara sun sha wuyarsu, nuna uwar da ke jiran ɗanta a ƙofar gida.