Kurkum da zogale za su iya maganin sankarar ƙashi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Daga Argungu nake. Ɗan yayata mai shekara 15 ya yi wata uku da ciwo a saman gwiwa, wurin ya kumbura, in ka taɓa zafi rau. Mai ɗori ya murza sau biyu, abin sai ƙaruwa yake. A Birnin Kebbi aka ɗauki hoto aka ce ana zargin sankarar ƙashi. Na gani a Facebook cewa kumburi ne ke ciyar da ita, kuma kurkum da zogale na kashe ta. Mu fara gwada su tukuna?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba shi lafiya. Shekarunsa da wurin da ciwon ya fito sun yi kama da ostiyosakoma, wata irin sankarar ƙashi wadda ta fi kama matasa lokacin da ƙashi ke tsawo, musamman kusa da gwiwa. Amma sai an ɗebo ɗan yanki an duba shi kafin a tabbatar.

Rabin abin da kika karanta gaskiya ne. Tun 1863 wani likitan Jamus, Rudolf Virchow, ya lura da alaƙar kumburi da sankara. A jiki mai lafiya kumburi kiran gayya ne: an ji rauni, sojojin garkuwar jiki su zo su gyara, su watse. Ƙwayar sankara kuwa ba ta barin gayyar ta watse. A cikinta akwai wani makunni mai suna NF-kB da ke zama a kunne, yana sa a riƙa fitar da saƙonni irin su IL-6. Saƙonnin nan ke hana ƙwayar mutuwa, su jawo mata sabbin hanyoyin jini, su zuga ƙwayoyin da aikinsu cin tsohon ƙashi ne su yi ta ci ba ƙaƙƙautawa. Ƙashi ya zama holoƙo, ita kuma ta samu fili.

Sai batun oksijin. Kusan kowace ƙwayar jikinmu tana da murhunta, mitokondiriya, inda take ƙona abinci da oksijin. Duk wadda ta taɓa hura gawayi a kurfoti ta san ba a rasa tartsatsi; murhun ƙwaya ma yana fitar da nasa, wato wasu sinadaran oksijin masu ɓarna. Ƙwayar sankara wutarta ta fi ƙarfi, tartsatsinta ya fi yawa, yana lalata kundin gadonta (DNA, umarnin da ke tafiyar da ita), yana kuma ƙara kunna NF-kB. Kumburin shi ma ya ƙara tartsatsi. Haka suke ta zagaye. To amma ga inda masu tallan Facebook ba sa kaiwa: in tartsatsin ya wuce kima, ita kanta ƙwayar yake ƙonewa. Saboda haka take tara abin kashe wuta, irin su gulutatayon, don ta tsira. Magungunan asibiti kamar cisplatin da doxorubicin, bayan lalata kundin gadon da suke yi, suna ƙara mata wannan wutar. Kin ga ke nan ɗura wa yaro ƙwayoyin ƙarin bitamin masu kashe tartsatsi ba da sanin likitansa ba, yana iya zama ƙwayar sankarar aka taimaka wa.

Yawancin binciken da ake yaɗawa a kan kurkum a cikin faranti aka yi shi, a ɗakin gwaji. Akwai ƙwayoyin U2OS da aka ciro daga ƙashin ƙaurin wata yarinya mai shekara 15 a 1964, har yau ana renon su ana zuba musu sinadarai. A faranti abubuwa da yawa na kashe su. Amma sinadarin kurkum kaɗan ne ƙwarai hanji ke tsotsa, hanta kuma ta yi maza ta sarrafa shi. Ni dai a wajena, a sa kurkum a shinkafa, a yi masa kwaɗon zogale ya ci ya ƙoshi, abinci ne mai kyau. Magani ne ba za a kira shi ba.

Abin da ya fi damuna lokaci ne, domin wannan ciwon yana saurin zarcewa zuwa huhu. Kafin a fara haɗa tiyata da allurar maganin sankara a shekarun 1970, ɗaya cikin biyar ma da ƙyar ke tsira. Yanzu in ba ta bazu ba, kusan biyu cikin uku na haye shekara biyar a inda ake da cikakken magani.

A daina murza ƙafar, kada a yi tsaga, kada ya riƙa taka ta da ƙarfi don ƙashin na iya karyewa. A samo masa sanda. Ku koma da hoton nan cikin makon nan, ku nemi a ɗauki na ƙirji, ku tambaya ko za a tura ku Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Duk wani gari ko jiƙo da aka riga aka ba shi, ku tafi da shi a leda likita ya gani.