Abin da ya sa na hana a ɗaura wa jirgin nan radiyal

Yarona, ka ce da ni: "Masta, injin Rotax da aka saba ɗaura wa jirgin nan doki 100 ne, Rotec kuma, radiyal mai silinda bakwai jere a kewaye, doki 110. Ai ƙari ma aka samu. Me ya sa ka hana mu kunna walda, ga mai jirgi da kuɗinsa a hannu?" Duk wanda ya taso a Magazin, unguwar makanikai ta Suame a Kumasi, haka zai yi lissafi, don a nan mun saba: injin trotro, motar haya, ya mutu, a nemo wani, a yanka mazauni, a ɗora, a kama hanya. Mota tana yafe wannan saboda ƙasa ce ke ɗauke da ita. Shi jirgi iska ke ɗauke da shi, kuma a wuri guda take tallafe shi, can wajen gaban fiffike. Don haka ni in aka kawo mini inji, sikeli nake fara nema kafin in tambayi dokinsa nawa.

Ɗauki alli ka rubuta. Rotax 912 ULS kilo 57 ne ko kusa da haka. In ka haɗa lagireto da ruwa da baƙin mai da salansa, ya doshi 70. Rotec R2800, wanda ake ƙerawa a Ostireliya, kilo 102 ne a bushe, ba a sa masa tankin mai ba tukuna, ba a zuba mai ba. Mu ce 110 in an gama. Gangar jirgin da ke gabanmu ta CH 701 ce, zanen Chris Heintz, irin wadda aka yi ta haɗawa a filin jirgi na Kpong, nan Ghana, da injin Rotax. Mai zanen ya yanka iyaka: inji da duk kayansa kada ya wuce kilo 84. Ka ga tun ba mu buɗe akwati ba mun ƙetare iyaka.

Amma bari in nuna maka dalilin iyakar, kada ka ce takarda kawai nake bi. Nauyi a jirgi ana ninka shi ne da nisansa daga cibiyar nauyi. Ƙarin kilo 40, mu ce mita ɗaya da rabi gaba da cibiya, ya ba ka 60. Don ka biya wannan bashin da dalma a wutsiya, mita huɗu baya, sai ka sa kilo 15. To 40 da 15, an tafi da 55. Jirgin nan bai kamata ya tashi da fiye da kilo 500 ba, shi kansa fanko ya kai 263. Maza biyu 150, fetur lita 76 kusan kilo 55, saura 32. Ina za ka samo 55? Sai dai ka sauke fasinja ko ka rage mai. Dubi masu tura amalanke a kasuwar Kejetia: buhu ɗaya ne, amma in ya zauna a kan taya yaro ma ya tura, in ya zame can gaba ƙato biyu sai sun yi gumi kafin su danne hannun. Matuƙi shi ne mai danne hannun, da faifan wutsiya yake dannewa, faifan kuma yana da iyakar ƙarfi. Ranar sauka, gudu ya ragu, ya ja sanda har ta taɓa cikinsa, hanci ya ƙi ɗagawa, tayar gaba ce za ta fara dukan ƙasa da inji mai kilo 110 a kanta. Dalmar wutsiya kuma tana da nata sharrin, domin nauyi a can gaba da can baya yana sa jirgi in ya shiga juyi ya yi taurin fita.

Ba wai radiyal ba ya zama a ƙaramin jirgi ba ne. Akwai gangar da aka haifa domin inji mai nauyi. Pietenpol Air Camper, zanen Bernard Pietenpol na Amurka tun 1929, da injin motar Ford Model A aka saba tashi da shi, tulin ƙarfe mai doki 40 kacal. Hancinsa gajere ne, tayarsa ta uku a wutsiya take, fiffikensa kuma a kan sanduna yake sama da ganga, ana iya karkata sandunan a matsar da fiffike gaba ko baya har cibiya ta zauna inda ake so, ba tare da dalma ba. Mutane sun ɗaura masa Rotec ya tashi lafiya, haka ma jirgin Kitfox. Abin da zan gaya wa Alhaji mai jirgin ke nan: in sautin radiyal yake so, ya canza ganga, in wannan gangar yake so, ya bar ta da injinta. Ni ma ina son sautin, wa ba ya so? Amma ba girin-girin ba, ta yi mai.

Yanzu mu ɗauka an samu gangar da ta dace. Mazaunin inji da bututun ƙarfe mai lamba 4130 ake yinsa, da waldar argon, ba bututun ruwa ba, ba ƙarfen gado ba, ko da mai sayarwa ya rantse maka. A jujjuyawa mai tsanani nauyi yana ninkuwa sau 3.8, kilo 110 ya koma 418, sannan a ƙara rabi don kariya, ya wuce 620. Kafin inji ya hau, a rataya wa mazaunin buhun siminti takwas da ɗoriya, a sauke, a auna ko ya lanƙwashe. A yi shi gajere iya yadda kafireta da tiyo za su samu wuri, don kowane santimita da ka ja injin baya ragi ne a bashin da muka lissafa. Tsakiyar farfela kuma ta zauna daidai layin da mai zane ya ja. Bangon da ke raba inji da ƙafafun matuƙi na sitenles ne, kaurin 0.4 na milimita a ƙalla. Alminiyon yana narkewa a digiri 660, wutar fetur ta fi haka nesa. Kowane noti da waya ko fin ake kulle shi.

Inda nake so ka buɗe kunne sosai shi ne maganar baƙin mai, don a nan radiyal ke cin wanda bai san halinsa ba. Silinda a kewaye suke, ta ɗaya a sama, ta huɗu da ta biyar kansu a ƙasa. Wuta tana tsallake ɗaya ta kama ɗaya: 1, 3, 5, 7, 2, 4, 6, shi ya sa adadinsu a layi ɗaya ba ya rabuwa biyu, biyar ne ko bakwai ko tara. Konrod guda ce babba ke riƙe da karanshaf, sauran duk a jikinta suke rataye. Injin ba shi da kwanon mai a ƙasa kamar mota, tanki ne daban a jikin bango, famfo ɗaya na turawa, ɗaya na kwasowa. Da an kashe inji, famfon kwasowa ya tsaya, mai kuma bai daina gangarowa ba. Yana bin jikin fistin, ya ratsa ringi, ya taru a kan silindar ƙasa. Iska tana matsuwa, mai ba ya matsuwa. In sitata ta juya, wata silinda ta kama wuta, fistin ya iske mai a gabansa, konrod ce za ta lanƙwashe. Mafi muni, wani lokaci lanƙwasar kaɗan ce, inji ya tashi kamar ba komai, sai bayan awoyi ta karye, a sama.

Maganinsa hannu ne. Kafin kowace kunnawa a kashe makunnai, a sa wa taya waigi, a juya farfela a hankali ta inda take juyawa har kowace silinda ta wuce matsinta, a maimaita. In ta cije, tsaya nan. Kada ka tilasta, kada kuma ka mayar da ita baya, don mayarwa tana tura man cikin bututun shaƙa ne kawai, ya laɓe, inji na tashi ya zuƙo shi. Cire fulogin silindun ƙasa, juya har man ya zube, wanke fulogi, mayar. Kuma duk sanda ka kama farfela ka tsaya kamar za ta tashi, domin magineto, mai ba fulogi wuta, ba ya buƙatar batir. Waya ɗaya ta tsinke, makunni na nuna a kashe, shi kuwa a raye yake. Wasu suna sa bawul a tiyon da ya fito daga tanki don rage gangarowar. Dabara ce mai kyau, da sharaɗin a haɗa shi da sitata yadda ba za ta juya ba sai bawul na buɗe. Mutum yana mantuwa, inji ba mai kuwa minti ɗaya ya ishe shi. Tsofaffin makanikai sun san wannan aikin tun 1940, lokacin da ake haɗa jiragen yaƙi a Takoradi ana bi da su ta Legas da Kano da Maiduguri zuwa Khartoum da Masar, jirgin Blenheim mai radiyal biyu na jan gaba.

Sai zafinmu. Filin jirgin Kumasi bai kai mita 300 sama da teku ba, amma da rana a watan Fabrairu, digiri 33, iska ta yi shara-shara kamar kana kan dutse mai mita 1,000. Kusan kashi goma cikin ɗari na ƙarfi ya tafi, dokinka 110 sun koma ɗari, fiffike ma ya rage kamawa. Faɗin injin santimita 81 ne, duk yana tare iska, yana kuma tare wa matuƙi gani, shi ya sa za ka ga mai radiyal yana tafiya a ƙasa yana karkata hagu da dama. Zoben Townend, wanda aka ƙirƙiro a Ingila a 1929, yana rage jan iskar in an kewaye silindu da shi, amma kowane rufi ka sa, sa ma'aunin zafi a kan silinda fiye da ɗaya, kuma kada a daɗe ana gunji a ƙasa inda iska ba ta wucewa. Ƙurar hunturu tana cin ringi, sai da matatar iska. Laimar damina kuma tana sa ƙanƙara a maƙogwaron kafireta ko da kai kana gumi, don haka bututun iska mai ɗumi dole ne. Fetur, bi abin da littafin injin ya ce; kada ka zuba na 91 inda aka ce 95 ko na jirgi.

Farfela ma ta bambanta. Akwai giya a hancin injin, karanshaf ya juya uku ita ta juya biyu, saboda haka doguwa ce, ta doshi mita biyu. Ɗaga wutsiya har jirgi ya miƙe kamar zai tashi, ka auna daga bakinta zuwa ƙasa, kada ya gaza santimita 23. In ta katako ce, laima na kumbura ta, hunturu na busar da ita, notukan su saki. Duk sauyin yanayi a sake auna ɗaurinsu.

Hukumar jiragen sama ta ƙasa, GCAA, ana zuwa wurinta ne tun kafin a yanka bututun farko, don ita za ta duba aikin ta ba da lambar rajista mai farawa da 9G, kuma canjin inji ba abin da ake ɓoye mata ba ne. Kafin ta zo akwai gwaji biyu da ni da kai za mu yi a kowane jirgi, radiyal ko Rotax. A ɗora kowace taya a kan sikeli, ganga a miƙe bisa ma'aunin ruwa, a lissafa cibiya da mafi sauƙin matuƙi da mafi nauyi, tanki cike da tanki fanko. Sannan a ɗaga hanci kamar yana hawa, a bar mai kaɗan a tanki, a cire tiyo daga kafireta a saka a galan, a riƙe agogo. In gangarowa man ke yi da kansa, sai ya ba da ninki ɗaya da rabi na abin da injin ke sha a cikakken ƙarfi. In famfo ke turawa, ɗaya da kwata. Gobe ka aro sikeli uku iri ɗaya, ka fara gwada su da buhun siminti guda ka ga ko bakinsu ɗaya.