Golf ɗin faifai: wane takalmi da waɗanne kaya za mu sa?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a birnin Tampere na ƙasar Finland, wata bakwai ke nan da zuwana. Abokan karatuna sun matsa mini lamba sai na bi su wani wasa da suke kira frisbeegolf da zarar dusar ƙanƙara ta narke, wai ana jifa da faifan roba ne har ya faɗa cikin kwando. Na ce musu to, amma ban san abin da ake sawa ba. Abin da nake da shi: kambas mai sumul ɗin ƙasa, takalmin ƙwallo mai ƙusoshi da na taho da shi daga gida, wandon jins biyu, sai ƙatuwar jaket ta hunturu. Maiɗakina ma tana son zuwa, ita kuma abaya da hijabi take sawa. Kuɗinmu na ɗalibai ne, ba ma son sayen abin da ba shi da amfani. Me za ka ba mu shawara?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka faɗa gidan wasan, domin in ka cire Amurka, inda Ed Headrick ya kafa filin farko a Oak Grove da ke Kalifoniya a 1975, babu ƙasar da ta kai Finland yawan filayensa. Garin Nokia da ke maƙwabtaka da ku ma a nan aka sha yin babbar gasar wasan mai suna European Open. Saboda haka ba sau ɗaya za a gayyace ka ba, gara ka shirya.

In kuɗin abu ɗaya kake da shi, sayi takalmi. Sauran kayan duk za ka iya lallaɓawa da abin da ke cikin akwatinka.

Mutane suna ɗauka da hannu ake jifan nan. Daga ƙafa ƙarfin yake tasowa. Mai jifa da dama, in zai yi jifan bayan hannu wanda shi aka fi yi, yakan yi taku uku ko huɗu a kan dandamalin jifa, wato wurin da ake yin jifan farko zuwa kowane kwando, ƙafar hagu ta gitta ta bayan ta dama, sannan ya kafa ƙafar dama da ƙarfi, ƙugu ya juya, kafaɗa ta biyo, hannu ya zo ƙarshe kamar bulala. Bayan faifan ya fita, jikin bai tsaya ba: ƙafar daman nan tana juyawa a kan dunduniya, ta hagu kuma tana jan yatsunta a ƙasa. Ka ga ke nan ana neman abu biyu masu karo da juna daga takalmi guda. Ya riƙe ƙasa lokacin da ka kafa ƙafa, ya kuma sake ta lokacin da za ka juya. In bai riƙe ba ka zame, in bai sake ba gwiwarka ce za ta sha murɗa.

Da wannan ma'aunin, duka takalmanka biyu sun faɗi. Na ƙwallon ya fi haɗari. An yi shi ne don ƙusoshinsa su nutse cikin ciyawa, shi kuwa dandamalin jifa ko siminti ne ko kafet ɗin ciyawar roba da aka shimfiɗa a kan abu mai tauri, wanda shi ne ka fi gani a filayen Finland. A kan siminti ƙusa ba ta da abin kamawa, sai ka ji kamar kana tafiya a kan tsakuwa. A kan kafet kuma takan maƙale daidai lokacin da jikinka ke juyawa. Ka bar shi don ƙwallonsa.

Kambas mai sumul ɗin ƙasa kuwa na san halinsa da jikina. A shekarata ta farko na je fili da sassafe da irinsa, raɓa ta jiƙa kafet ɗin, na ɗauko gudu na kafa ƙafa, sai kawai na ga sama. Faifan ya tafi dama cikin itatuwa, ni na zauna daɓas a kan ƙugu, mako biyu ina ɗingishi. Abokan wasana ba su yi dariya ba, mutanen nan ba su cika yi ba, ɗaya dai ya kalli ƙafata ya girgiza kai. A ranar da ƙasa ta bushe ƙayau kambas ɗinka zai kai ka zagaye ɗaya ko biyu, in kana son ka fara gwada wasan kafin ka kashe kuɗi. Amma kada ka yi gudu a kan dandamali, ka yi jifanka a tsaye.

Abin da za ka nema shi ne takalmin gudun daji ko takalmin yawon tsauni marar dogon wuya. Ka juya shi ka dubi ƙasansa: kana son roba mai tsage-tsage masu matsakaicin zurfi, ba sumul ba, ba kuma masu dogayen haƙora irin na gudu cikin taɓo ba. Ka riƙe shi da hannu biyu ka murɗa kamar mai matse wanki. In ya murɗe cikin sauƙi, ba zai tallafi ƙafarka a kan gangare ba. Sannan ka danna bakinsa da babban yatsa. Wanda aka lulluɓe gabansa da roba shi ne naka, domin jan yatsun nan da na faɗa yana cinye bakin takalmin hagu, mai raga a gaba cikin 'yan watanni za ka ga safa tana leƙowa. Za ka ga 'yan wasa da yawa da Adidas Terrex, ko Merrell, ko Salomon, akwai ma kamfanin Idio da ke yin takalmi don wasan kawai. Sunan ba shi ne abin dubawa ba. Ka kuma guji takalmin gudun titi mai ƙaton soso a ƙasa, domin yana ɗaga ka sama, idon sawu ya riƙa lilo.

Dogon takalmin tsauni mai rufe idon sawu yana da masoya, musamman a filin duwatsu, amma ni ina ganin yana da nauyi kuma yana hana ƙafa juyawa. Sai a hunturu nake kula shi.

Maganar ruwa ita ce ta biyu a muhimmanci, kuma a watan Afrilu da Mayu ita ce za ta fi damun ka. Ƙanƙarar da ta narke tana kwance a duk wani kwari, filayen kuma yawancinsu cikin daji suke, ga saiwoyi, ga duwatsu masu gansakuka. Faifanka, a matsayinka na sabon shiga, ba a kan hanya zai riƙa sauka ba. Rabin wasanka cikin kurmi za ka yi shi kana nema. Zagayen kwando 18 tare da mutum uku ko huɗu yakan ci awa biyu zuwa uku, kuma ƙafa mai ruwa tun kwando na biyu azaba ce. Takalmi mai hana ruwa shiga, irin mai tambarin Gore-Tex, ya cancanci ƙarin kuɗin a ƙasar nan. Aibinsa biyu ne: yana da zafi a Yuli, kuma in ruwa ya shiga ta sama ba ya fita. Shi ya sa safa ta fi ƙarfin a raina ta. Safar auduga in ta jiƙe tana nan a jiƙe, ta naɗe, ta tayar maka da bororo. Ta ulu, musamman wadda ake kira merino, ko ta jiƙe tana riƙe ɗumi. Ka sa guda, ka jefa guda a jaka cikin leda. In za ka gwada takalmi a shago, ka je da safar da za ka yi wasa da ita, kuma da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura.

Tun da ka yi zancen kuɗi: ka leƙa kirpputori, wato gwanjonsu. Jaket da wando da suwaita masu kyau suna cike a can da araha. Takalmi ne kawai nake cewa a yi hattara, don wanda ƙasansa ya siɗe ba shi da maraba da kambas ɗinka.

Riga kuma doka ɗaya ce. Ka sa ta a ɗaki, ka miƙa hannun dama ka gitta shi ta ƙirji har ya wuce kafaɗar hagu, sannan ka watso shi da sauri. In rigar ta ja ka a baya ko a hammata, ko wani abu a ƙirji ya taɓa hannunka, ba ta yi ba. Faifan yana wucewa ne dab da ƙirji, saboda haka ƙatuwar jaket ɗinka ta hunturu za ta tare masa hanya, haka igiyar hula mai lilo da aljihun gaba da aka cusa wa waya. Maimakon abu ɗaya mai kauri, ka jera sirara: ta ciki mai tsotse gumi ta bushe da wuri, suwaita marar nauyi a kai, sai 'yar rigar ruwa da za ta naɗu ta shiga jaka. Za ka fara kana rawar ɗari, kwando na biyar kana gumi, sai ka cire ɗaya. Abin da na fi so a irin wannan yanayi shi ne falmaran mai ɗumi, ƙirji a rufe, hannuwa a sake.

Jins zai yi in yana da ɗan talewa, amma in ya sha ruwa sai ya yi nauyi ya manne a cinya, kuma sau da yawa za ka buɗe ƙafa sosai ko ka durƙusa a gwiwa ɗaya don jifa ta ƙarƙashin reshe. Wandon yawon daji ko na motsa jiki ya fi. Ko a tsakiyar bazara dogon wando nake ba da shawara, ba don sanyi ba, don kaska. Mu mun san ta a jikin shanu da karnuka, a nan kuwa tana zaune a dogayen ciyayi tun daga narkewar ƙanƙara har kaka, tana kuma ɗauke da cutar Lyme da wata mai kumbura ƙwaƙwalwa. Ka cusa ƙafar wando cikin safa in za ka shiga ciyawa, ko da abin ba kyan gani. Wando mai haske yana sa a hango ta tana hawa. In kun koma gida ku duba bayan gwiwa, matsematsi, hammata da bayan kunne. Ga kuma wani ganye da suke kira nokkonen, ya taɓa fata sai raɗaɗi da ƙaiƙayi, sannan saurayen Yuni da Yuli ba su da kunya ko kaɗan.

Uwargida kuma a gaishe ta, a faɗa mata wasan nan yana cikin waɗanda suka fi sauƙin yi da cikakkiyar sutura, tunda babu gudu babu kokawa. Abaya mai jan ƙasa ce matsala: za ta kwashi taɓo, ta sarƙe a ƙaya, kuma a takun gittawar nan ƙafa na iya taka bakinta. Doguwar riga mai kaiwa gwiwa ko ƙasa kaɗan, mai tsaga a gefe, a kan wando mai faɗi da aka tsuke a idon sawu, ta wadatar. Hannun rigar ya zama mai kamawa a wuyan hannu, domin mai faɗi yana shafar faifai lokacin sakinsa. Babban hijabi mai sauka har ƙugu shi ma yana kan hanyar faifai, kuma iska na kaɗa shi ya rufe fuska ana tsakiyar jifa. Ta nemi wanda ake zurawa ba tare da allura ba, ta cusa bakinsa cikin riga, in tana son ƙarin rufi ta ɗora falmaran mai faɗi. Takalmi da safa kuwa, duk abin da na faɗa maka ya hau kanta. Zobe da awarwaro a hannun jifa a cire su.

Wasan nishaɗi babu mai tambayar ku abin da kuka sa. In wata rana ka shiga gasar da ke ƙarƙashin PDGA, hukumar wasan da aka kafa a 1976, dokarta ba ta yarda a yi wasa ba riga ko ba takalmi ba, manyan gasanni kuma suna da ƙarin sharuɗɗa kan irin rigar. Wannan sai lokacinsa ya yi.

Hula hana-sallah tana da amfani, don za ka yi ta ɗaga kai kana bin faifai da ido, ranar bazarar Finland kuma takan daɗe tana rataye ƙasa-ƙasa daidai fuska. Tawul ƙarami guda biyu kada su bar jakarka, ɗaya na goge faifai, ɗaya ka ɓoye shi a leda don hannu, domin jiƙaƙƙen faifai sulɓewa yake yi. Safar hannu doka ta yarda da ita, amma yawancinmu a hannun da ba ya jifa muke sawa, na jifan kuma yana cikin aljihu har sai layi ya zo kansa.

In wasan ya kama ka har ka kai Nuwamba kana fita, nan za ka ga masu takalmi mai ƙananan ƙusoshin ƙarfe na tafiya a kan ƙanƙara, da masu manna siririn ƙyalle a faifai don a gano inda ya nutse cikin dusa. Kafin nan, duk ranar da ka dawo da jiƙaƙƙen takalmi, kada ka ɗora shi a kan na'urar ɗumama ɗaki, zafi yana sakin gam ɗin ƙasansa. Ka zare shimfiɗar ciki, ka cusa masa tsohuwar jarida, ka canja ta kafin ka kwanta.