Filin Tambaya da Amsa: Su Wane ne Manzannin Almasihu, Kuma Wa Ya Gaje Su?

Wasiƙun da suka iso mana a wannan wata kusan duk sun taru a kan batu guda, wato manzanni. Mun zaɓi biyar daga ciki.

Tambaya daga wata malamar makarantar Lahadi a Kafanchan: Ranku ya daɗe. Yara sun tambaye ni bambancin almajiri da manzo, na ce musu duk ɗaya ne, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Da na duba sunayen sha biyun a Matiyu da Luka kuma, sai na ga ba su zo daidai ba.

Amsa: Malama, gara da zuciyarki ba ta kwanta ba, don ba ɗaya ba ne. Almajiri mai koyo ne, yana zaune gaban malaminsa. Manzo kuwa wanda aka aika ne da saƙo, da ikon wanda ya aike shi. Kalmar Helenanci ita ce apostolos, ta fito ne daga kalmar aikawa. Hausa ta yi dace a nan, domin kowa ya san manzon sarki: ba maganar kansa yake kawowa ba, wanda ya wulakanta shi kuwa da fada ya ja. Luka 6:13 ta raba gardama: Yesu ya kira almajiransa, ya zaɓi sha biyu daga cikinsu, ya ba su suna manzanni. Almajiran suna da yawa, har a sura ta 10 an aiki saba'in, wasu tsofaffin rubuce-rubuce sun ce saba'in da biyu. Markus 3:14 ya jera dalilin zaɓen, jerin kuma abin lura ne: da farko su zauna tare da shi, sannan ya aike su wa'azi. Adadin sha biyu yana nuni ne ga kabilun Isra'ila sha biyu, kamar yadda Matiyu 19:28 ta nuna.

Batun sunaye, ga abin da za ki yi da yaran. Ki raba allo gida huɗu, ki kwafi Matiyu 10:2-4, Markus 3:16-19, Luka 6:14-16 da Ayyukan Manzanni 1:13, kowanne a gidansa. Za ku ga a duka huɗun Bitrus ne na farko, Filibus na biyar, Yakubu ɗan Halfa na tara. Rukuni uku ke nan na mutum hurhuɗu, sunaye suna sauya wuri a cikin rukuni amma ba sa tsallakawa zuwa wani, sai dai jerin Ayyukan Manzanni mutum sha ɗaya ne, don babu Yahuza Iskariyoti a ciki. Bambanci na gaske ɗaya ne: inda Matiyu da Markus suka ce Tadawas, Luka ya ce Yahuza ɗan Yakubu. Tun dā masu fassara suna ɗauka mutum ɗaya ne mai suna biyu, abin da ba baƙo ba ne a lokacin, tun da Saminu ma shi ne Bitrus.

Ki kiyaye kurakurai biyu da suka zama ruwan dare. Markus da Luka sun rubuta Bishara, amma ba sa cikin sha biyun. Sannan Yakubu uku ne: ɗan Zabadi, ɗan Halfa, da ɗan'uwan Ubangiji wanda ya shugabanci ikkilisiyar Urushalima. Wanda ya cakuɗa su, Ayyukan Manzanni za ta rikice masa, domin an kashe wani Yakubu a sura ta 12, ga kuma Yakubu yana yanke magana a sura ta 15.

Tambaya daga wani ɗalibin makarantar Littafi Mai Tsarki a Bauchi: Idan sharaɗin manzanci shi ne mutum ya yi tafiya tare da Yesu, ta wace ƙofa Bulus ya shiga?

Amsa: Ɗan'uwa, sharaɗin da kake nufi yana cikin Ayyukan Manzanni 1:21-22, lokacin da aka nemi wanda zai maye gurbin Yahuza Iskariyoti a gaban mutum wajen 120. Bitrus ya ce sai wanda yake tare da su tun daga baftismar Yohanna har ranar da aka ɗauke Yesu sama, don ya zama mashaidin tashinsa daga matattu. Aka tsai da mutum biyu, Yusufu Barsaba da Matiyas, aka yi addu'a, aka jefa ƙuri'a, ta faɗa kan Matiyas. Wannan sharaɗin shiga cikin sha biyun ne, Bulus kuwa bai taɓa cewa yana cikinsu ba. A 1 Korantiyawa 15 ya ambaci sha biyun daban, ya ambaci dukan manzanni daban, sannan ya sa kansa a ƙarshe, ya ce shi ne mafi ƙanƙanta saboda ya tsananta wa ikkilisiya.

Hujjarsa biyu ce: ya ga Ubangiji da ya tashi, kuma shi ne ya aike shi. A zamaninsa ma an yi masa irin tambayarka, shi ya sa wasiƙar Galatiyawa ta buɗe da zafi, cewa manzancinsa ba daga mutane ba ne. Amma dubi abin da ya biyo baya. Bayan shekara uku ya tafi Urushalima ya yi kwana 15 wurin Bitrus. Bayan shekara 14 ya koma ya shimfiɗa bisharar da yake wa'azi a gaban Yakubu ɗan'uwan Ubangiji da Bitrus da Yohanna, suka ba shi hannu shi da Barnaba. Mutumin da ya ce daga sama aka aiko shi, sai ga shi ya kai koyarwarsa a auna. Wannan ɓangaren ne masu kafa hujja da Bulus suka fi mantawa.

Kalmar kuma ta fi sha biyu da Bulus faɗi. An kira Barnaba manzo a Ayyukan Manzanni 14:14. An kira Abafroditas manzon ikkilisiyar Filibi, wato ɗan aikensu. Romawa 16:7 ta ambaci Andaranikas da Yuniya, masana kuma sun rabu a kan ko ana nufin fitattu ne a cikin manzanni, ko sanannu ne a wurin manzanni.

Tambaya daga wani Musulmi mai karanta mu a Zariya: Malamai, a wurinmu manzo shi ne wanda Allah ya aiko da saƙo. Yaya maƙwabtanmu Kirista suke kiran Bitrus da Yohanna manzanni?

Amsa: Malam, mun gode da wannan tambaya, don kalma ɗaya ce take ɗauke da kaya biyu. Idan Kirista ya ce Manzo Bitrus, yana nufin wanda Almasihu ya aika, ba irin matsayin da Musulmi yake nufi da Manzon Allah ba. Waɗannan mutane su ne ka sani da Hawariyawa, waɗanda Alƙur'ani ya ambata a surorin Ali Imrana da Ma'ida da Saffi, ba tare da jera sunayensu ko adadinsu ba. Ba Hausa kaɗai abin ya shafa ba. Kiristocin Larabawa ma da kalmar rusul suke kiransu. Idan hira ta haɗa ku, a fara tambaya: manzon wa ake nufi? Rabin gardamar a nan take mutuwa.

Tambaya daga wani dattijon ikkilisiya a Maraɗi: Kullum muna jin masu wa'azi suna cewa duk manzanni kashe su aka yi, ban da Yohanna, har ana faɗin yadda aka kashe kowanne. Ina aka rubuta wannan?

Amsa: Baba, ba a wuri ɗaya aka rubuta ba, kuma labaran ba su da ƙarfi iri ɗaya. Mai wa'azi da ya zuba su a faifai guda bai kyauta wa masu sauraro ba. Idan an ware Yahuza Iskariyoti, mutuwar manzo ɗaya tak Sabon Alkawari ya ba da labarinta: Yakubu ɗan Zabadi, wanda Hirudus Agaribas ya sa aka sare da takobi. Hirudus ɗin ya mutu a shekara ta 44, don haka abin bai wuce wannan shekara ba.

Na biye a ƙarfi su ne Bitrus da Bulus. Kilemen, shugaban ikkilisiyar Roma, a wasiƙarsa zuwa Koranti wajen shekara ta 96, ya yi maganar wahalarsu da mutuwarsu, marubutan da suka biyo baya kuma sun haɗu a kan cewa a Roma ne, zamanin Sarki Nero, wanda ya ɗora wa Kirista laifin gobarar shekara ta 64. Cewa an gicciye Bitrus kansa ƙasa ya fito ne a wani rubutu na ƙarshen ƙarni na 2. Yakubu ɗan'uwan Ubangiji kuwa, Yosifus marubucin tarihin Yahudawa, wanda ba Kirista ba ne, ya rubuta cewa an yanke masa hukuncin jifa a shekara ta 62. Game da Yohanna, Ireniyus, wani bishop marubuci na ƙarni na 2, ya ce ya zauna a Afisa har zamanin Sarki Tirajan, wanda ya hau mulki a 98.

Sauran labaran gado ne na ikkilisiyoyi. Kiristocin Kerala a kudancin Indiya suna riƙe da cewa Toma ya iso ƙasarsu a shekara ta 52, aka kashe shi a 72 a Mailafur, cikin birnin Cennai na yau. Jiragen fatake suna zirga-zirga tsakanin Masar da wannan gaɓa a lokacin, saboda haka tafiyar mai yiwuwa ce, sai dai Yusibiyus, marubucin tarihin ikkilisiya na ƙarni na 4, ƙasar Fartiya ya ce Toma ya nufa. Kabarin Yakubu ɗan Zabadi da ake ziyarta a Santiyago ta Sifen kuwa, sai a ƙarni na 9 aka fara maganarsa. Ba raina waɗannan labarai muke yi ba, al'ummomi sun rayu a kansu shekaru aru-aru. Roƙonmu kawai a kan bagade a riƙa cewa "an rubuta" inda aka rubuta, a ce "an gada" inda aka gada.

Tambaya daga wata matar zumunta a Jos: Wasu suna cewa bishop-bishop ne magadan manzanni, wasu suna cewa manzanni sun ƙare, ga kuma allunan majami'u cike da masu kiran kansu manzo. Wanne za mu kama?

Amsa: Mama, amsoshi uku ne a tarihi, kowacce da inda take tsayawa da inda take tuntuɓe.

Katolika da Otodoks da Angilika suna riƙe da gadon manzanni ta hanyar ɗora hannu: manzanni suka naɗa shugabanni, su kuma suka naɗa na bayansu. Wajen shekara ta 180 Ireniyus ya jera bishop-bishop na Roma sha biyu, daga Linus zuwa Eliyuteras, don ya ƙaryata masu cewa suna da asirin da manzanni suka raɗa musu. Hujjarsa ita ce, da akwai asiri, da waɗanda aka danƙa wa ikkilisiya ne za su fara sani. Majalisar Nikiya ta 325 ta sa doka cewa a ƙalla bishop uku ne za su naɗa sabo, don kada mutum ɗaya ya naɗa wanda ya ga dama a ɓoye. A kan wannan tsari aka naɗa Samuel Ajayi Crowther, bishop ɗan Afirka na farko na Angilika, a Kantabari ranar 29 ga Yuni 1864. Inda take tuntuɓe shi ne masu ita ba su yarda da juna ba, har Fafaroma Leo na 13 ya ce a 1896 naɗin Angilika bai inganta ba. Takardu ma suna yankewa: salsalar yawancin bishop-bishop na Katolika na yau tana tsayawa ne a kan wani bishop ɗan Italiya, Shipiyone Rebiba, wanda aka naɗa a 1541.

Yawancin Furotestan, har da ikkilisiyoyin da suka tsiro daga aikin mishan a Arewa, sun ce gadon yana cikin koyarwa. Afisawa 2:20 ta kira manzanni harsashi, ba a kuwa zuba harsashi sau biyu. Rauninta shi ne kowa yana iya cewa fahimtarsa ce ta manzanni.

Ta uku ta dogara da Afisawa 4:11, cewa baiwar manzanci tana nan. Wata ƙungiya a Ingila ta naɗa manzanni sha biyu zuwa 1835, ba ta tanadi masu maye gurbinsu ba, na ƙarshensu ya mutu a 1901, naɗi ya tsaya. A Najeriya sunan ya bazu ta ikkilisiyoyin da suka fito daga farkawar 1930 a Ilesha, wadda Joseph Ayo Babalola ya jagoranta.

A ganinmu, sha biyun ba su da magaji a matsayinsu na waɗanda suka gani da ido. Amma 'yan aike irin Barnaba ba su ƙare ba, kuma ikkilisiyar farko ba ta karɓe su da ka ba. Akwai ƙaramin littafi, Didake, wato Koyarwar Manzanni Sha Biyu, na wajen ƙarshen ƙarni na 1, da aka gano a Kustantiniya a 1873. Ƙa'idarsa ga manzo mai yawo ita ce ya kwana ɗaya, in da larura biyu, in ya kai uku na ƙarya ne. In zai tafi a ba shi gurasar da za ta kai shi masauki na gaba, in ya nemi kuɗi na ƙarya ne.

Don haka, Mama, kafin zumunta ta gayyaci mai wannan suna, a bincika abu uku. Wace ikkilisiya ta aike shi, tun da Bulus da Barnaba ma sai da Antakiya ta yi azumi ta ɗora musu hannu? Wa yake kai wa rahoto, kamar yadda suka koma suka tara jama'a suka faɗi abin da ya faru? Kuma wa yake riƙe baiko? Lokacin da Bulus ya tara gudummawa don matalautan Urushalima, bai yarda ya ɗauka shi kaɗai ba. Ikkilisiyoyi ne suka zaɓi wanda zai raka kuɗin, kamar yadda yake a 2 Korantiyawa 8:19-21.