Katakon Kano ya iso a tsage: ko ina da ikon riƙe cikon kuɗi?

Tambayar ta zo daga wani ɗan kasuwa a Damagaram. Ya sayi lodin katakon maɗaci a hannun wani dila a Kano, ya biya rabin kuɗin. Da kaya suka iso, wasu sun tsage, wasu kaurinsu bai kai ba. Ya ce ya kira dilan a waya, amma dilan ya yi shiru. Ya riƙe ciko, yana kuma shirin kai direba wurin 'yan sanda.

Alhaji, ban ga takardunka ba, saboda haka abin da zan faɗa na iya sauyawa in na gan su. Amma tun yanzu ka cire direba daga maganar. Ba shi ya sayar maka ba, kuma rigimar ciniki ba ta 'yan sanda ba ce, sai in akwai zamba ƙarara.

Kana ɗauka tunda kaya suna sitonka a Zinder, dole dokar Nijar ce za ta yi hukunci. Ba lalle ba ne. Nijar tana cikin OHADA, ƙungiyar wasu ƙasashen Afirka masu dokar kasuwanci ta bai ɗaya, Najeriya ba ta ciki, kuma idan ba ku rubuta dokar da za a bi ba, wannan kaɗai abin jayayya ne. Mu ƙaddara ma an bi ta OHADA, wadda aka sabunta a 2010. Aibin da ido ke gani, irin tsagewa da ƙarancin kauri, wata ɗaya kake da shi daga ranar karɓar kaya ka sanar da mai sayarwa, in ka wuce haƙƙinka na iya faɗuwa. Ka ce ka kira shi a waya. To, ya amsa cewa an yi kiran? Saƙon WhatsApp mai kwanan wata da hotuna ya fi min wannan kira amfani nesa ba kusa ba.

Sannan a ina katakon ya tsage? Idan ɗanye aka yanka aka loda, rana da iskar nan suka busar da shi, ana iya ɗora wa dila, muddin busasshe kuka yi ciniki a kai. Idan kuwa a hanya ya lalace, galibi asara tana komawa kan mai saye tun lokacin da aka miƙa kaya ga mai mota. Kuma in ka riga ka sayar wa kafintoci wani sashe, maganar mayar da lodi ta yi wuya. Abin da ya rage shi ne neman ragin farashi daidai da aibin. Riƙe ciko gaba ɗaya na iya mai da kai mai laifin saɓa alkawari.

Shirun da dilan ya yi bai burge ni ba, amma ka duba naka gefen kafin ka ɗaga murya. Tun 2023 maɗaci da kawo suna cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin namun daji da itatuwa tsakanin ƙasashe, ta ce sai da izini za su ƙetare iyaka, maɗobiya kuwa tun 2017. In lodin ya shigo babu wannan izini ko takardun duwan, wato kwastam, zuwa kotu tona wa kanka asiri ne.

Ko ka ci shari'a a nan, dukiyar mutumin tana Kano, sai an sake bin wata hanya can kafin ka ga ko dala. Ka sa ma'aikacin shari'a mai rubuta shaida ya auna katakon ya ƙirga, ka aika wa dila a rubuce, sannan shugabannin 'yan katako na ɓangarorin biyu su zauna su yanke ragi. Abin da aka amince a kai a rubuta shi, kowa ya sa hannu.