Tambayoyinku: Buɗe shafin waƙoƙi da labaran nishaɗi da wayar hannu

Assalamu alaikum. Saƙonnin da suka shigo a wannan makon kamar an haɗa baki, kusan kowa maganar buɗe shafin labarai a intanet yake yi, wani na mawaƙa da 'yan fim, wata kuma na kimiyya. Na tsinto guda shida. Masu tambayar batir da cikar ma'ajiyar waya ku yi haƙuri sai mako mai zuwa.

Tambaya: Malam, na daɗe ina ɗora labaran mawaƙan Hausa da na Kannywood a Facebook. Yanzu ina son shafi nawa na kaina, amma waya kawai gare ni. Wasu sun ce Blogger, wasu sun ce WordPress. Wanne zan ɗauka? Daga wani matashi a Rigasa.

Amsa: Ƙanena, ɗauki Blogger ka fara. Na Google ne tun 2003 da suka saye shi, kyauta ne, kuma adireshin Gmail ɗinka ya ishe ka buɗewa. Ba ruwanka da biyan hayar ma'ajiyar da shafi ke zama a kai, in mutane sun yi cincirindo a kan labari ɗaya ma ba zai durƙushe ba. Sai dai manhajarsa ta waya ba ta da kayan aiki sosai. Ka riƙa shiga ta Chrome, ka danna ɗigo ukun nan na sama, ka zaɓi a nuna maka shafin irin na kwamfuta. Rubutun zai yi ƙanana, amma duk maɓallan za su fito.

WordPress ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet da shi aka gina su. Amma iri biyu ne, kuma a nan ake rikita mutane. Akwai WordPress.com da kamfani ke riƙe maka komai, na kyautarsa a takure yake. Akwai kuma na WordPress.org wanda kai za ka nemi ma'ajiya ka biya duk shekara, ka kula da sabuntawa da tsaro. Wanda bai saba rubutu kullum ba, in ya fara da na biyun, kuɗin haya kawai zai yi ta zubarwa.

In ka yi wata uku ba ka gaji ba, sai ka sayi suna mai ƙarewa da .com.ng daga dillalan da hukumar NiRA, mai kula da sunayen shafuka masu ƙarewa da .ng, ta amince da su, ka ɗaura a kan Blogger ɗin. Abu ɗaya zan roƙe ka: da imel ɗinka za a yi rajistar sunan, kai ne za ka riƙe kalmar sirri. Wani yaro a Tudun Wada ya taɓa kawo mini kuka, wai wani ne ya buɗe masa, ya yi rajista da nasa imel ɗin. Shekara ta zagayo, lokacin sabuntawa ya yi, mutumin ya canza lamba. Muna zaune a kan benci yana ta latsa adireshin, shafin talla ne kawai ke fitowa a inda rubutunsa na shekara guda yake.

Tambaya: Ina ganin shafuka suna ɗora sababbin waƙoƙi mutane su sauke kyauta, kuma suna samun jama'a. Ni ma in yi haka? Ai talla nake yi wa mawaƙin. Daga Kawo.

Amsa: Kada ka yi, ɗan'uwa. Wannan maganar ta "talla nake masa" na sha jin ta, kuma ba ta taɓa ceton kowa ba. Waƙa dukiyar mai ita ce. Mawaƙin nan ya biya situdiyo, ya biya mai kiɗa da 'yan amshi, ya ɗora a YouTube ko Audiomack ko Boomplay don duk saurare ɗaya ya shiga lissafinsa. Kai kuma ka kwafe ka raba, mutum dubu suka sauke a wajenka, shi ko sisi. Najeriya na da sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, kuma ta tanadi yadda mai abu zai nemi a sauke kayansa daga intanet. Kafin ma a kai ga Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta ƙasa, Google da kansa zai gama da kai, domin yana aiki da dokar Amurka ta 1998 da ake kira DMCA. Mai waƙa ya cike takardar ƙorafi, sai ka tarar an janye rubutun an mayar da shi cikin waɗanda ba a wallafa ba. Aka maimaita, shafin gaba ɗaya zai iya tafiya. A YouTube kuwa gargaɗi uku na haƙƙin mallaka sun isa a rufe tasha.

Ga hanya mai tsafta, kuma ta fi sauƙi. Ka maƙala waƙar a shafinka kai tsaye daga inda mai ita ya ɗora. A wurin rubutu na Blogger akwai alamar sa bidiyo, ka zaɓi YouTube, ka nemo waƙar daga tashar mawaƙin ta asali. Audiomack da Spotify su ma suna ba da 'yan layukan da za ka kwafa ka liƙa, sai akwatin saurare ya bayyana a tsakiyar rubutunka. Mai karatu bai bar shafinka ba, mawaƙi ya samu nasa, kai ma ba ka ƙona data wajen ɗora fayil ba.

To me zai kawo mutane wajenka in ba sauke waƙa ba? Rubutunka. Wa ya yi kiɗan, a wane situdiyo, wane salon tsofaffin makaɗa aka ɗauko, me baitin nan na uku yake nufi, wa ake yi wa habaici? Masu ɗora fayil sun yi yawa kamar jamfa a Jos, mai zama ya yi wa waƙa sharhi da Hausa mai daɗi kuwa sai an tona. In kana son rubuta baitocin gaba ɗaya, nemi izini tukuna. Mawaƙa masu tasowa da yawa murna za su yi, har su turo maka da hannunsu.

Tambaya: Ta yaya zan rubuta ƙ da ɗ da ɓ a waya? Daga wata malamar makaranta a Unguwar Rimi.

Amsa: Malama, sauke Gboard, manhajar madannan rubutu ta Google, ki shiga saitinsa wajen harsuna ki ƙara Hausa. Daga nan ki danne k ko d ko b na ɗan lokaci, mai lanƙwasar zai fito. Amma a adireshin kowane rubutu ki bar haruffan ba lanƙwasa, domin in an tura shi a WhatsApp yakan koma dogon jerin lambobi da alamomi marasa kyan gani.

Tambaya: Masu karatuna suna ƙorafin shafina na da nauyi, yana cinye musu data. Daga Barnawa.

Amsa: Ko ban gani ba, hotuna ne. Wayar zamani tana ɗaukar hoto mai nauyin megabait uku ko huɗu, kai kuma ka jera guda goma na bikin wani jarumi a labari ɗaya. Mai ƙaramar data yana buɗewa ya ga abin na juyawa, sai ya fice. Kafin ka ɗora kowane hoto ka bi da shi ta Squoosh ko TinyPNG, duka a burauza suke aiki ba sai ka sauke komai ba. Ka rage faɗinsa zuwa kamar pixel 1200 (ɗigon da ake auna hoto da su), nauyin ya dawo ƙasa da kilobait 200, ido ba zai ga bambanci ba. Hoton kan labari kuwa Canva, manhajar tsara hotuna, ya wadatar. Sannan ka cire tarkacen da ke gefen shafi, agogo mai juyawa da ƙirgen baƙi da rubutu mai gudu. Ka gwada shafin da PageSpeed Insights, ma'aunin saurin shafi na Google, zai nuna maka abin da ke jan ƙafa.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a KASU, Jami'ar Jihar Kaduna, ina son rubuta labaran kimiyya da Hausa. Ina zan samo labari da hotuna, kuma ya halatta in yi amfani da Google Translate?

Amsa: Madalla da ke, 'yar'uwa, wannan fagen kusan fili ne fetal. Labari ki ɗauko shi daga tushe: shafin NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, na Hukumar Lafiya ta Duniya, na hukumarmu ta sararin samaniya NASRDA, da sanarwar jami'o'i. Hotunan NASA galibinsu an yarda kowa ya yi amfani da su in ya faɗi inda ya samo, akwai kuma Wikimedia Commons, sai dai can ki karanta sharaɗin da ke ƙarƙashin kowane hoto.

Google Translate ya san Hausa tun 2013, kuma ya inganta. Ki yi amfani da shi don ki fahimci abu, kada ki kwafa ki liƙa. Fassararsa ta kimiyya takan fito da kalmomin Hausa a kan ƙashin Turanci, mai karatu ya kai ƙarshe bai san me aka ce ba. Ki karanta, ki rufe, ki rubuta kamar kina yi wa ƙanwarki bayani a tsakar gida. Ki kuma jawo abin kusa. In za ki yi maganar kusufi, fara da na ranar 29 ga Maris 2006, lokacin da Gusau da Katsina suka yi duhu da safe, mu nan Kaduna muka ga rana ta dusashe. Duk wanda ya yi wayo a lokacin yana da labarin da zai bayar.

Wani aikin da zai jawo miki mutunci shi ne ƙaryata jita-jita. Saƙon nan na "NASA ta ce duniya za ta yi kwanaki cikin duhu" shekara da shekaru yana yawo, yana mutuwa yana tashi. Wannan shawarar ta shafi masu shafin nishaɗi ma, har ta fi shafarsu. Sau nawa aka kashe jarumin fim a Facebook da safe, da yamma ya fito bidiyo yana cewa yana raye? In an turo hoton hatsari ko na asibiti, a sa shi a Google Lens ko TinEye, masu nemo inda hoto ya taɓa fitowa, sau da yawa sai a tarar tsoho ne, na wata ƙasa ma. A leƙa shafukan tantance labarai na Dubawa da Africa Check ko sun riga sun bincika. A kira wani na kusa da mutumin. A tuna kuma akwai dokar laifukan intanet ta 2015, an sha gurfanar da mutane a kan abin da suka wallafa.

Tambaya: Yaushe zan fara samun kuɗi? Abokina ya ce mu riƙa danna wa juna talla. Daga Mando.

Amsa: Abokin nan naka zai sa a rufe ku ku biyu. Google na ganin daga wace waya da wane layi ake dannawa, kuma asusun AdSense (tsarin Google na sa talla a shafi ya biya mai shi) da aka rufe kan wannan laifi da wuya ya dawo. Kafin ka nema, sai ka kai shekara 18, shafin na da rubutu naka na kanka mai yawa, ba kwafe ba, ba waƙoƙin sata. Ka kuma duba jerin harsunan da AdSense ke karɓa, domin ba kowane harshe suke sa wa talla ba. In an karɓe ka, kuɗinka ya kai dala 10, za su aiko da lambar tantancewa a takarda ta gidan waya, biya kuwa sai ya kai dala 100, kuma wannan kan ɗauki watanni ga sabon shafi.

Ni a ganina kuɗin kusa ya fi saurin zuwa. Mai sayar da atamfa a Kasuwar Barci, mai ɗakin taro, mai shirya wasan Sallah, mawaƙin da zai saki sabon kundi, duk suna neman inda 'yan Kaduna ke taruwa. Ka haɗa shafinka da Google Analytics da Search Console, kayan Google masu nuna lissafin masu shigowa shafi, tun yau, ranar da za ka je wajen Alhaji neman talla sai ka buɗe waya ka nuna masa mutum nawa suka shigo a watan jiya, kuma nawa ne daga cikinsu 'yan garin nan. Adireshin da za ka ba AdSense kuma ya zama wanda wasiƙa ke isa, ko akwatin gidan waya na wani ɗan'uwa, don "bayan masallacin Juma'a, gida mai jan ƙofa" ba zai kawo maka takardar ba.